Kwalba mai sifili huɗu: yadda bitamin D ke rikiɗewa ya zama guba

Gwaggota ta dawo daga Umara da tsarabar da aka saba, dabino da zamzam da carbi da turare. A can ƙasan jaka kuma akwai wasu kwalabe uku cike da 'yan ƙananan kafso masu launin zuma, waɗanda wata ƙawarta mazauniyar Jidda ta saya mata, ta ce da ita ai ciwon gwiwa da sanyin ƙashi sun ƙare. A jikin kwalbar an rubuta D3, sai lamba 50,000. Gwaggo ba ta yi boko ba, kuma ko da ta yi, lambar nan ba abin da za ta gaya mata. Ita dai an ce mata bitamin ne. Bitamin kuwa a wurinmu ba a lissafa shi cikin magunguna, ƙarin lafiya ne, ɗan uwan zuma da habbatussauda. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta kora ɗaya da kunu.

Ana cikin wata na huɗu da fara sha, bazara ta kankama, sai ƙishirwa ta sako ta gaba. Ta sha ruwan randa, ta sha na leda, maƙogwaro bai daina bushewa ba, dare kuwa rabinsa a hanyar banɗaki take yin sa. Kowa a gidan ya yanke hukunci, suga ce. Aka gwada, ba suga. Ciki ya ɗaure, abinci ya fita daga ranta, ga tashin zuciya. Yaron kemis na bakin layi ya haɗa mata na maleriya da taifot, ya ƙara da na ulsa. Sai ranar da ta kira ni da sunan mahaifina, wanda ya rasu shekaru da dama, tana tambaya ko na dawo daga kasuwa, sannan hankalinmu ya tashi muka nufi asibiti.

Likitar da ta duba ta ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, "Hajiya, duk abin da kike haɗiya a gida nake so a kawo mini, har wanda ba kya ɗauka magani ne." Na koma na kwaso leda guda. Tana ɗaga kwalbar ta dube ni: "Malam, sau nawa take sha a mako?" Na ce kullum ne. Ta ajiye biro.

Mu yi lissafin a fili. Dattijuwa mai shekara sittin da 'yan kai abin da jikinta ke buƙata a rana bai wuce ma'auni 600 ba, da ma'aunin nan da ake rubutawa IU a jikin kwalba. Wannan shi ne adadin da Cibiyar Nazarin Magunguna ta Amurka ta tsayar a rahotonta na 2011: IU 400 ga jarirai, 600 daga shekara ɗaya zuwa 70, sai 800 ga wanda ya haura 70. Ta kuma shata iyaka, cewa baligi kada ya zarce 4,000 a rana idan ba likita ne ke bibiyarsa ba. Gwaggo tana haɗiye 50,000 a zama guda, ta ninka buƙatarta fiye da sau 80, ta ninka iyakar fiye da sau 12. A kwana 120 ta tara miliyan shida.

Abin da ya sa mutane ba sa tsoron bitamin yana da tushe. Duk wanda ya taɓa shan bitamin B ya ga yadda fitsarinsa ya koma rawaya shar, alamar jiki ya ɗebi abin da yake so ya zubar da saura. Haka C yake. Waɗannan a ruwa suke narkewa, ƙoda ta wanke su. Amma A da D da E da K a mai suke narkewa, don haka rarar D ba ta bin fitsari, kitsen jiki take shiga ta kwanta. Kitse ya zama rumbu. Yau ka zuba, gobe ka zuba, ba ka ga komai ba, domin rumbu bai cika ba tukuna. Shi ya sa cutar ba ta bayyana ran farko ko makon farko, sai an kwashe watanni, lokacin da ba wanda zai kawo kwalbar a ransa. Kuma shi ya sa daina sha ba ya kashe wutar nan take. Rumbun zai ci gaba da tsiyayo da abin da ya tara cikin jini na tsawon makonni, wani lokacin watanni.

Shi kansa bitamin D ba ya aiki a yadda aka haɗiye shi. Hanta ce ke fara juya shi zuwa wani nau'i da ke yawo a jini, sannan ƙoda ta ɗebi kaɗan daga ciki ta mayar da shi nau'in da ke aiki, daidai gwargwadon buƙata. Babban aikinsa shi ne buɗe wa sinadarin kalsiyam ƙofa daga hanji zuwa jini, domin a gina ƙashi da haƙora. Idan ya yi yawa fiye da kima, ƙofar nan ta hanji takan wangale, kuma ba a nan abin ya tsaya ba, har ƙashin da ake so a ƙarfafa ake kankaro kalsiyam daga jikinsa a zuba a jini. Asalin gubar ke nan, kalsiyam ya yi wa jini yawa. A lafiyayyen mutum yana tsakanin 2.2 da 2.6 a ma'aunin milimol, idan ya kai 3.5 an shiga halin gaggawa.

Ƙoda ce ke fara ɗanɗana kuɗarta. Yawan kalsiyam yana hana ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita. Ruwan jiki ya ragu, jini ya yi kauri, kalsiyam ɗin ya ƙara hawa, ƙodar ta ƙara galabaita. Yanzu ka ɗora wannan a kan zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 kuma ba wuta, ko a ce ya zo daidai da azumi. Daga nan sai tsakuwar ƙoda, ko kalsiyam ya daskare a cikin naman ƙodar da jijiyoyin jini, ko bugun zuciya ya rikice, ko mutum ya fara sambatu kamar yadda Gwaggo ta yi. Ka duba alamomin nan da kyau, ƙishirwa, yawan fitsari, kasala, amai, bushewar ciki, ciwon jiki. Babu ɗaya a cikinsu da ba mu riga mun raɗa wa suna ba a garin nan. Wannan suga, wancan shawara, wannan basir, wancan jinnu. Gubar bitamin D ta iya sajewa.

Wani zai ce to ai mu rana a kanmu take kwana, me ya sa ba ta taɓa yi mana wannan illar ba? Saboda fata tana da birki. Idan hasken rana ya sa ta ƙera abin da ya isa, ƙarin hasken yakan lalata rarar tun kafin ta shiga jini. Ɗan dako a Kantin Kwari ko mai tura baro a Dawanau zai yini a rana shekara da shekaru, bitamin D bai taɓa yi masa yawa ba. Abinci ma da wuya ya kai mutum can, ko da kifi da gwaiduwar ƙwai da hanta yake kwana yake tashi. Kwalba da allura ne kawai ba su da birki.

Kafso mai 50,000 ba jabu ba ne, ba kuma kuskuren kamfani ba. Magani ne na gaske, wanda likita ke rubuta wa wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin bitamin ɗin: ƙwaya ɗaya a mako, na mako shida zuwa takwas, daga nan a sauko zuwa ƙaramin adadi na kullum. Tsakanin magani da guba a nan kalma ɗaya ce tak, mako ko kullum. Kuma kalmar nan ita ce ke ɓacewa idan kwalba ta bi hannu uku kafin ta iso ga mai sha. Allurar ta fi ban tsoro, domin akwai mai 300,000, akwai mai 600,000 a kwalba guda. Likitocin Indiya, musamman na yankin Kashmir, sun sha ba da rahoton tsofaffin da aka dinga yi wa irin wannan allura a kai a kai saboda ciwon baya da gaɓoɓi, suka ƙare da matsalar ƙoda. Mu da muke da mutanen da ba sa yarda sun ga magani sai an tsira musu allura, ya kamata labarin nan ya tsaya mana a rai.

Ko ba a kai ga guba ba, yawan ba ya haifar da abin da ake zato. A 2010 aka wallafa wani bincike daga Ostireliya, inda aka ɗauki mata 2,256 masu shekara 70 zuwa sama, aka riƙa ba rabinsu IU 500,000 sau ɗaya a shekara, da niyyar kare su daga karaya. Sakamakon ya zo a juye, waɗanda suka sha maganin sun fi sauran faɗuwa, sun kuma fi su karaya. A Kalgari ta ƙasar Kanada an gwada 400 da 4,000 da 10,000 a kullum har shekara uku, rahoton 2019 ya nuna masu shan mafi yawa ƙashinsu bai ƙara ƙarfi ba, raguwa ma ya ɗan yi. Sai babban gwajin nan na Amurka mai suna VITAL, mutum 25,871, ana ba rabinsu 2,000 a rana fiye da shekara biyar. Bai rage kamuwa da sankara ba, bai rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba, daga baya aka duba karaya ita ma bai rage ba. Yawancin waɗanda aka yi gwajin da su dama ba su da ƙaranci, kuma darasin ke nan: wanda randarsa ke cike, ƙarin ruwa ba ya amfana masa komai. Duk da haka tun lokacin korona, saƙonnin WhatsApp da 'yan tallan TikTok ba su daina cewa yana maganin komai ba, daga rashin haihuwa har zubewar gashi.

Akwai kuma waɗanda ba sai sun sha mai sifili huɗu ba kafin abin ya taɓa su, kuma a nan ne na fi jin tsoro, don suna da yawa a cikinmu. Mai tarin fuka na farko. Ƙwayoyin garkuwar jiki da ke taruwa su kewaye cutar a huhu suna iya juya bitamin D zuwa nau'insa mai aiki da kansu, ba tare da jiran umarnin ƙoda ba, sai kalsiyam ya hau ko da adadin da aka sha ba shi da yawa. Kano kuwa ba baƙuwar tarin fuka ba ce, wanda ya taɓa leƙa Asibitin Zana, na masu cututtuka masu yaɗuwa, ya sani. Sai mai hawan jini da ke shan ƙwayar sa fitsari ta dangin tayazaid, wadda ke cikin magungunan hawan jini da aka fi rubutawa a ƙasar nan. Ita aikinta har da hana kalsiyam fita ta fitsari, to ka ga an taru an yi masa rubdugu, ana turo shi ta gaba an toshe ta baya. Mai shan digozin saboda ciwon zuciya, hawan kalsiyam na iya mayar masa da maganinsa guba. Mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa yin tsakuwa, su ma ba nasu ba ne su saya da ka.

Jarirai kuma lissafinsu daban. Iyakar jariri ɗan ƙasa da wata shida IU 1,000 ce a rana, kuma ruwan da ake ɗiga musu ƙarfinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Wani ɗigo ɗaya ne 400, wani sai an cika bututun awo. Uwar da ta saba da na biyun, aka sauya mata da na farkon ba bayani, za ta iya ɗura wa ɗanta na wata guda a rana ɗaya. Ko a ƙasashen da ake sa ido sosai an yi tuntuɓe. A Ingila cikin shekarun 1950 an samu jarirai da dama da kalsiyam ya yi musu yawa bayan an cika zuba bitamin D a madara da abincin yara, har aka rage adadin. A Denmak a 2016 an janye wani ruwan bitamin D na yara bayan an gano ƙarfinsa ya ninka abin da aka rubuta a jiki sau 75.

Kada a fahimce ni a baibai. Ƙarancin bitamin D gaskiya ne, har a garin da rana ke dukan mutum kamar ta biya kuɗi. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai tsawo a rana kafin ta ƙera abin da farar fata ke ƙerawa cikin ɗan lokaci. Matar da ke cikin kulle a gidan da aka rufe tsakar gidansa da kwano, in za ta fita kuma hijabi har ƙasa da niƙabi da safa, rana ba ta ganin fatarta. Ma'aikacin da ke fita daga gida a mota ya shige ofis, hasken da ke ratso gilashi ba ya ƙera masa komai. Ga ƙurar hunturu da ke tare hasken. Wani nazari da ya tattara binciken ƙasashen Afirka, aka wallafa a 2020, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku bai kai matakin da ake ɗauka isasshe ba. Don haka mai ciki, da mai shayarwa, da tsohon da ba ya fita, da mai shan maganin farfaɗiya shekara da shekaru, in likita ya rubuta musu, su sha. Tsakanin 400 da 1,000 a rana ba abin fargaba ba ne ga yawancin mutane.

Sai dai akwai wani abu da binciken da aka yi a nan kusa da mu ya tona, wanda na ga ba a cika faɗa ba. Yaran nan masu gwame, ko waɗanda ƙafafunsu suka lanƙwashe kamar baka, da ake kaiwa Asibitin Ƙashi na Dala, a littattafan Turai kai tsaye ake ɗora laifin a kan rashin bitamin D. Amma a Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun bi yara 123 masu wannan laushin ƙashi, suka wallafa sakamakon a 1999. Yaran da aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka yi wa allurar bitamin D zalla. Abin da yaran ke samu na kalsiyam a abinci wajen miligiram 200 ne kawai a rana. Tuwo da kunu ne safe da yamma, nono ya yi tsada. Wato yaron bulo ya rasa, ba magini ba. Uwar da ta ga ƙafar ɗanta ta karkace ta dinga ɗura masa bitamin D mai ƙarfi, ta ƙara magina a filin da ba bulo. Kindirmo, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, da miyar kuka, da zogale, da riɗi, su ne ya kamata su fara shiga lissafi.

Mu zo kan gwajin jini, inda ake yawan asarar kuɗi. Gwaji biyu ne masu kama da juna a takarda. Wanda ake buƙata shi ne 25-OH D, shi ne ke nuna abin da ke cikin rumbu. Ɗaya kuma, mai lamba 1,25, yana auna nau'in da ke aiki ne, wanda ba ya daɗewa a jini, kuma yana iya fitowa daidai ga mai ƙaranci da ma wanda ya sha ya wuce kima. In ba likitan ƙoda ko na sinadaran jiki ne ya nema ba, kuɗinka ka zubar.

In sakamako ya fito, kafin ka dubi lambar dubi ma'aunin da ke gefenta. Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta ng/mL, wasu nmol/L, kuma na farko guda ɗaya daidai yake da biyu da rabi na biyun. Da ng/mL, ƙasa da 12 ƙaranci ne, 20 zuwa sama ya wadatar da mafi yawan mutane, sama da 50 ba a ga ƙarin amfani ba sai dai fargabar illa, guba kuma galibi sai an haura 150. Ka ga lamba 60 tana iya zama lafiya lau idan nmol ce, tana iya zama alamar a taka birki idan ng ce. Na ga mutumin da ya kwatanta takardarsa da ta matarsa, daga wurare biyu daban, ya yanke wa kansa hukuncin ninka magani. Wasu takardun kuma har yanzu suna buga 30 ng/mL a matsayin mafi ƙarancin lafiya, suna bin shawarar da Ƙungiyar Likitocin Sinadaran Jiki ta Amurka ta bayar a 2011. Ita kanta ƙungiyar a 2024 ta janye daga wannan lamba, ta kuma ce ba ta goyon bayan a dinga gwada lafiyayyun mutane haka kawai. Mai 24 da aka ja wa jan layi a takarda ba majinyaci ba ne.

A ganina, wanda gwajin ya wajaba a kansa shi ne mai alamun laushin ƙashi, da mai ciwon ƙoda ko hanta ko na hanji da ke hana abinci shiga jiki, da duk wanda ke shan fiye da 4,000 a rana ko aka yi wa babbar allura. Shi ma ba washegari zai koma ba, don matakin ba ya daidaita sai bayan kamar wata uku. Amma gwajin da ke ceton rai ba shi ne mai tsadar ba. Awon kalsiyam da na aikin ƙoda sun fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, ana yin su a manyan asibitocin gari irin su Murtala da na Malam Aminu Kano da ɗakunan gwaji masu zaman kansu, kuma su ne ke nuna ko an fara taɓa lafiya. A Ingila ƙa'idar ita ce a auna kalsiyam kamar wata guda bayan kammala manyan ƙwayoyin. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki duka ba, ya fara da waɗannan biyun. Kuma ya haɗa lissafin duk abin da yake sha, domin D yana ɓuya a cikin maganin ƙarin jini, da ƙwayar kalsiyam, da man kifi, da haɗin bitamin na masu ciki. Wasu kwalaben ma da maikrogiram suke rubutawa, inda guda ɗaya ke daidai da IU 40, sai ka ga 125 ka raina, alhali 5,000 ce.

Hukuma ta yi nata yunƙurin. A farkon 2024 NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna sun rufe shagunan magani a Sabon Gari domin tilasta wa dillalai komawa sabuwar kasuwar Dangwauro da ke kan titin Zariya. Wannan na iya rage jabu da wanda rana ta dafa. Amma lambar NAFDAC a jikin kwali ba ta gaya wa Gwaggo sau nawa za ta sha, balle kwalbar da ta shigo a jakar tsaraba.

Kwana tara ta yi a gadon asibiti, ana ta ƙarin ruwa leda bayan leda, aka haɗa da wata allura mai hana ƙashi sakin kalsiyam. Aka hana ta nono da duk wani maganin ƙarin lafiya na wani lokaci, aka sauya mata maganin hawan jini. Hankalinta ya dawo a kwana na uku, ƙodar ce ta ɗauki watanni tana farfaɗowa, kuma har yanzu ana auna ta lokaci zuwa lokaci. Gwiwar da aka yi abin dominta tana nan tana ciwo, don dama zaizayar gaɓa ce irin ta shekaru, ba ruwanta da bitamin.

Ranar da aka sallame ta na tuna kwalabe uku ne, biyu kawai na gani a leda. Na ce, "Gwaggo, ina ta ukun?" Ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, ai ba a cin alheri a ɓoye. Na ƙulla wa maƙwabta a takarda, goma-goma, har da mai jegon gidan liman." Ban tsaya cin abinci ba, na sa takalmi na fara da gidan liman.